Hutun Sati Biyu na Tahmid

Ƙanena Moinul ya sauka a ƙauyenmu wata ranar Alhamis a farkon damina, da akwati shida da ɗansa na fari, Tahmid. Shekara huɗu ke nan rabonsa da gida. Ni ce yayarsa, Shefali. Tun da mijina ya rasu na bar koyarwa a firamare na dawo wurin Amma, mahaifiyarmu, ina kula da ita. Ni ce kuma mai duba gidan da Moinul ya gina a gefen namu, bene hawa uku da zakunan siminti biyu a bakin ƙofa, ɗaki goma sha ɗaya da ba mai kwana a cikinsu sai tsaka da jemagu.

A nan yankin Silhet duk wanda ya tafi Ingila Londoni ake ce masa, ko da bai taɓa taka Landan ba. Moinul a Oldham yake, shekara ashirin da shida, yana da gidan abinci a can. Da motar ta tsaya rabin ƙauye ya taru. Ya fito yana miƙa wa dattawa hannu ɗaya bayan ɗaya yana dariya, da ya gama sai ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya matsa wani ruwa mai warin asibiti a tafin hannunsa ya mutstsuke, a gaban idon mutanen da ya gaisa da su. Cikinsu har da wanda ya taɓa goya shi yana yaro suka haye kogi. Ni dai na kau da kai.

Tahmid ya fito bayansa. Shekararsa goma sha huɗu, dogo siriri, sanye da riga mai dogon hannu a cikin wannan zafin. Ya ƙaraso inda Amma take zaune a baranda ya ce, "Salam, Dadi," wato Kaka, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Durƙusa ka taɓa ƙafarta, jaki!" in ji Moinul, ya danna masa ƙeya. "Kun gani ko? Wannan shi ne abin da ƙasar Turawa take mayar mana da 'ya'ya."

Amma ta kamo hannun yaron ta zaunar da shi kusa da ita. "Ƙyale shi. Ƙafata ba ta yi kuka ba."

Da yamma maza suka cika barandar benen ana shan shayi, har da ciyaman na yankinmu. Moinul yana tsakiya yana tauna pan, ganyen nan mai rina baki kamar goro, jan miyau yana taruwa a gefen bakinsa, lokaci lokaci ya juya ya tofar a kan farin tayil ɗin da na kwana uku ina sa a goge. Sai ya ƙwala wa Tahmid kira.

"Zo nan. Yi wa ciyaman Turanci."

Yaron ya tsaya sororo. "Me zan ce?"

"Ko me. Faɗi sunan makarantarku da abin da ake koya muku."

Tahmid ya yi magana kaɗan cikin Turancinsu na can, wanda ko ni da na koyar da Turancin littafi sai na kasa kunne sosai nake kama rabinsa. Maza suka yi ta gyaɗa kai. Moinul ya baje a kujera.

"Kun ji? Ko Baturen ma bai fi shi ba. In ya yi magana ta waya ba ka cewa baƙar fata ne."

Bayan awa biyu muka zauna cin abinci a gidan Amma. Na dafa shinkafa da dal, miyar wakenmu, da kifin tafkinmu, da dakakken busasshen kifi mai barkono wanda Moinul yake mutuwar so tun yana yaro. Tahmid ya ɗauki yankin kifi ya rasa yadda zai yi da shi. Ya sa a baki, ƙaya ta soke shi, ya tofo a hannu. Sai warin busasshen kifin ya buge shi, na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya toshe baki da gwiwar hannu. Moinul, da hannun da yake cin abinci da shi, ya kwaɗa masa mari. Shinkafa da mai suka manne a kuncin yaron.

"Abincin uwata kake yi wa amai? Da wannan kifin aka raine ni, ɗan banza! Ko yarenmu ba ka iya ba, sai baki kamar na agwagwa."

Na ajiye cokalin miyar da ke hannuna. "Moinul, wa ya hana shi iya yaren?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da dama shinkafa da yatsunsa. Ni kuwa na tuna. Zuwan da suka yi da yaron yana da shekara huɗu, Amma tana yi masa wasa da yarenmu yana maimaitawa, Moinul ya shigo ya ce mata, "Amma, don Allah kada ki ɓata masa harshe da maganar ƙauye. Turanci nake so ya zauna masa." A gidansu na can doka ce, da shi da matarsa Rumana suna yare a tsakaninsu, in sun juya wurin 'ya'ya sai Turanci. Kifin kuma a ina yaron zai koyi cinsa? Su biyun suna gidan abinci daga rana har dare, shi da ƙanensa Nafis burodi da soyayyen dankali suka tashi suna ci.

An ce wa Tahmid hutun sati biyu suka zo. Kullum da safe yakan gaya mini saura kwana nawa. Ni yayar ubansa ce, Fufu yake kirana, muna magana rabi yare rabi Turanci, in ta ƙi mu ƙarasa da hannu. "Fufu, saura biyar." "Fufu, saura uku." Yana da wasan ƙwallo da za su buga a makaranta, shi ne mai tsaron gida.

Ana saura kwana biyu, da hantsi, Moinul ya kira Kala Miya mai fito ya ce ya ɗauki yaron a kwalekwale ya zagaya da shi gonakin da ruwa ya shanye, ya nuna masa yadda ake jefa taru. Ni da kaina na ƙulla musu gurasa da ƙwai a ganyen ayaba. Ba su yi rabin awa da tafiya ba sai ga mota a ƙofar benen, direba yana loda akwatuna.

"Ina za ka?" na tambaye shi.

"Filin jirgi. Apa, zauna mu yi magana." Apa yake kirana, wato Yaya.

"Zan ji a tsaye."

Ya tofar da pan. "Tahmid zai zauna a nan wurinki. Shekara ɗaya, ko biyu, sai yadda na gani. Na gama magana da malamin makarantar allon da ke bayan kasuwa. Fasfonsa yana wurina. Zan riƙa aiko da abin da zai ci."

"Ya sani?"

"Da ya sani zai shiga jirgin?"

"Me ya yi?"

"Ƙarata ya kai wurin Turawa. Ni, ubansa." Muryarsa ta tashi. "Mata biyu suka zo gidana da takardu, suna buɗe firij ɗina, suna tambayar matata inda yara suke kwana. Duk layinmu an gani. Ranar Juma'a na shiga masallaci mutane suna kallona kamar ɓarawon takalmi. Apa, can ba a iya tarbiyya. Ka ɗaga wa ɗanka hannu sai ya ɗaga maka waya. A nan zai san uba uba ne."

"To ka tsaya ya dawo ka gaya masa da bakinka."

"Jirgi ba ya jira."

"Jirginka sai dare. Moinul, kai namiji ne ko me? Ka yaudari yaro ka tura shi kamun kifi don ka gudu?"

Ya shiga wurin Amma, ya taɓa ƙafarta da sauri, ya ce mata aiki ne ya taso. Ya fito ya shige mota ya ɗaga gilashi. Na tsaya ina kallon motar tana tsalle a ramukan hanya.

Da la'asar Tahmid ya dawo, wandonsa jiƙe har gwiwa, riƙe da kifi biyu a igiya. Ranar ce na fara ganin dariyarsa. "Fufu! Ni na kama wannan! Ina Abba?"

Na gaya masa da Turancina na littafi, don kada ya ce bai fahimta ba. Ya yi murmushi tukuna, yana jiran in ce wasa ne. Sai ya saki kifin ya ruga benen. Ina jin sa yana buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙasa har sama. Ya sauko ya miƙi hanya da gudu ba takalmi. Kala Miya ne ya same shi wajen gadar kasuwa, zaune a cikin taɓo, ya riƙo shi suka dawo. Bai yi kuka ba a gabanmu. Ya shiga ɗakin da na ba shi ya juya wa ƙofa baya.

Kwana uku bai ci komai ba sai ruwa. A na huɗu zazzaɓi da gudawa suka kama shi. Ina shafa masa ruwan sanyi ne na naɗe hannun rigarsa, sai na ga tabo daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, fatar ta yamutse tana sheƙi.

"Mene ne wannan?"

"Tanderu," in ji shi.

A hankali, cikin kwanakin jinyar, na haɗa labarin. Tun yana da shekara goma sha ɗaya Moinul yake ɗaukarsa zuwa gidan abincin bayan makaranta, ya yanka albasa, ya wanke tukwane, don kada a ɗauki ma'aikaci. Wata Asabar mai gasa gurasa bai zo ba, aka ce Tahmid ya manna ƙullu a cikin tanderu. Hannunsa ya taɓa bangon. Ba a kai shi asibiti ba don kada a yi tambaya, Rumana ta shafa masa man goge baki ta ɗaure da tsumma. Ranar Litinin malamin wasanni ya ga ɗaurin yana ruwa ya tambaye shi.

"Ban kai ƙara ba, Fufu. Tambayata ya yi. A makaranta sun ce in an tambaye ka ka faɗi gaskiya. Abba ma yana cewa Musulmi ba ya ƙarya. To wanne zan bi?"

Na ja masa mayafi na rufe shi.

Na kira Rumana ta waya. Ta yi ta sheshsheƙa. "Apa, me zan yi? Kin san halin ƙanenki. Wallahi ban iya barci."

"To ki ce a dawo miki da ɗanki."

"Sai ya huce tukuna." Ta ja hanci. Sai muryarta ta sauya kamar ba ita ce take kuka ba. "Af, Apa, kafin in manta. Babansu ya ce ki sa masa farar riga da hula, ki ba shi Alƙur'ani ya riƙe, ki ɗauko hoto ki turo. Yana so ya nuna wa mutanen masallaci."

"Yaron yana kwance, ko tsayuwa ba ya iyawa."

"To a zaune ma ya yi. Ki dai gyara masa fuska."

Na kashe wayar na fita bayan gida na tofar da miyau a gindin ayaba, don ji na yi kamar na taka wani abu da ƙafa ba takalmi.

Sai dai kada in wanke kaina. Da ya warke ya zo ya same ni ina tsince shinkafa, ya ce ya san akwai ofishin jakadancin ƙasarsu a birni, in na raka shi zai gaya musu abin da ya faru su mayar da shi gida. Tafiyar awa biyu ce. Na san inda wurin yake. Na ce masa sai ruwa ya janye, hanya ba ta da kyau. Da ruwa ya janye na ce sai Amma ta ji sauƙi. Gaskiyar ita ce maganin Amma daga aljihun Moinul yake fitowa, rufin da ke kanmu ma shi ya sake shi, kuma na ji tsoron a ce Shefali ce ta kai ƙanenta gaban hukuma. Bayan karo na uku Tahmid ya daina tambaya. Ya dube ni kawai ya ce, "To, Fufu." Har yau in na tuna wannan "to" ɗin sai in ji ƙyamar kaina.

Hoton ma daga baya na ɗauka na tura.

Makarantar allon bai yi wata biyu a cikinta ba. Yara suka sa shi gaba, "Londoni, Londoni, ina cokalinka?" Suka sace masa takalmi, suka sa masa kwaɗo a jaka. Malamin kuma duk baƙon da ya zo sai ya tsayar da shi ya ce ga ɗan Ingila da aka kawo masa gyara. Wata rana Tahmid ya ce ba zai koma ba, ni kuma ban tilasta shi ba. Amma ce ta ci gaba da biya masa karatu a baranda bayan sallar asuba, da ɗan abin da ta sani. Ita ce kuma ta koya masa cin kifi. Takan zaunar da shi ta kama yatsunsa ta nuna masa inda ƙayar take kwance, ta ce, "Bi ta nan, a hankali, ba kokawa kake yi da shi ba." In ya yi daidai ta ba shi kan kifin, wanda duk gidan ba ta taɓa bar wa kowa ba.

Sauran yininsa a kwalekwalen Kala Miya yake ƙarewa. A can ya koyi yarenmu, irin na masu fito, da zaginsu da komai. Wata rana akuyar maƙwabta ta shigo ta ci barkonon da na shanya, sai na ji wata murya tana ɗura mata ashar tun daga uwarta har kakanninta. Na leƙo, Tahmid ne ɗaure da lungi, zanen da mazanmu suke ɗaurawa, riƙe da sanda. Amma ta yi dariya har da tari. Ya yi baƙi, ya rame, ƙafafunsa duk tabon cizon sauro. Moinul yana kira duk Juma'a, in na miƙa wa yaron wayar sai ya ce "Salam," ya saurara, ya ce "To," ya miƙo mini.

Bayan wata tara Moinul ya dawo. Ya gina wa masallacin ƙauye sabuwar ƙofa mai tayil kore da sunansa a sama da manyan haruffa, za a yi bikin buɗewa. Aka yanka sa, aka kafa rumfa a filin benen, aka ɗora tukwane takwas. Ciyaman ya zo, da limamai uku, da wasu Londoni biyu abokansa da suka zo hutu. Mu mata muna daga bayan labule muna zuba abinci, ina ganin komai ta tsagar.

Da ciki ya fara ɗauka, Moinul ya miƙe, hannunsa na dama yana ɗigar mai. "Jama'a, kun tuna yaron da na kawo bara, wanda ko gaisuwa bai iya ba? To ku gani da idonku. Tahmid! Zo ka gaida iyayenka da yaren ubanka."

Tahmid ya fito cikin farar rigar da aka ɗinka masa. Ya yi sallama, ya gaida ciyaman, ya gaida limamai, kowa da irin gaisuwar da ta dace da shi. Aka yi ta "Masha Allah". Moinul ya dubi abokansa yana washe baki. "Ƙara, ƙara! Gaya musu abin da ka koya a nan."

Yaron ya naɗe hannun rigarsa ya ɗaga sama. Bai ɗaga murya ba.

"Na koyi yare, don haka yau zan faɗa kowa ya ji. Wannan tanderun Abba ne ya ƙone ni, ina yi masa aikin ƙato ba ko sisi. Bai kai ni asibiti ba. Malamina ya tambaye ni na faɗi gaskiya, shi ne laifina. Ya ce mini hutun sati biyu za mu zo. Ya tura ni kamun kifi ya sace fasfona ya gudu kamar ɓarawon kaza. Ko sallama bai yi mini ba. Shi ne mutumin da kuka rubuta sunansa a ƙofar masallaci."

Wurin ya yi tsit, har ina jin ƙarar cokali a cikin tukunya. Na ce a raina yau dai wani zai buɗe baki. Ga limamai uku, ga dattawan da suka san mahaifinmu.

Sai ciyaman ya bushe da dariya, ƙwayar shinkafa tana tsalle daga bakinsa. "Kai! Kun ji yare? Ɓarawon kaza! Wallahi kamar Kala Miya ne yake magana. Moinul, ɗan'uwa, kuɗinka bai tafi a banza ba, yaron nan ya zama ɗan gida!"

Shi ke nan. Rumfar ta ɗauki dariya. Ɗaya daga cikin Londoni ɗin ya ce nasa ma haka suke, sai an haɗa da wuta. Wani liman ya ce yaro yaro ne, a miƙo masa romo. Moinul ya yi dariya tare da su, fuskarsa ta kumbura kamar an hura. Tahmid ya tsaya da hannu a sama, yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma kan farantinsa ana tsotsar ƙashi. A hankali ya sauke hannun ya sake rufe tabon. Ni kuwa farantin naman da ke hannuna na ajiye a ƙasa.

Baƙi suna watsewa, tun rana ba ta faɗi ba, Moinul ya shigo gidan Amma da bel naɗe a hannu. Tahmid yana zaune a bakin rijiya. Na sha gabansa.

"Matsa, Apa."

"Ba zan matsa ba. In ka taɓa shi, gobe da sassafe ni da shi muna birni, a ofishin ƙasarsu. Zan faɗa musu komai da bakina, har da inda gidan abincinka yake. Abin da ya kamata in yi ke nan tun wata tara da suka wuce."

"Ke da nake ciyarwa?"

"Ni ɗin."

Amma ta yi magana daga baranda, muryarta ƙasa ƙasa. "Moinul, ni na haife ka, kuma ban taɓa guduwa na bar ka a gidan kowa ba. Mayar da abin nan ƙugunka, wandonka yana zamewa."

Ya tsaya yana huci, sannan ya juya ya fita.

Bayan kwana biyar ya tafi da yaron. Na so in ce maganata ce ta yi aiki, ko kunya ce ta kama shi. Daga baya Rumana ta gaya mini cewa tun kafin ya taso makarantar Tahmid ta dame su da wasiƙu tana tambayar inda yake, har an ba su wa'adi. Da ma zuwa ya yi ya ɗauke shi. Ranar tafiyar Tahmid ya daɗe zaune a gefen Amma yana riƙe da hannunta. Ni kuma ya ce mini, "Sai wata rana, Fufu," ba fushi ba fara'a.

Amma ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Tahmid ya koma makaranta aji ɗaya a bayan sa'anninsa, a ƙungiyar ƙwallonsu kuma an riga an ba wani tsaron gidan. Yana cika goma sha takwas ya kwashe kayansa ya koma wani gari, yana aiki a wurin gyaran motoci da rana yana karatu da yamma. Ba ya zuwa gidan ubansa. Moinul yana gaya wa mutane cewa Turawa sun lalata masa ɗa duk da ƙoƙarin da ya yi.

Bara da damina Moinul ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce Nafis ya cika goma sha uku, ya fara taurin kai, yana mayar wa uwarsa magana, yana so ya kawo shi ya ɗan zauna a wurina.

"A'a," na ce.

"Apa, ba ki ji ƙarshen zancen ba."

"Na ji. A'a."

Ya kashe waya. Na ɗauka maganar ta mutu. Bayan wata biyu sai ga kira daga lambar da ban sani ba. Tahmid ne, muryarsa ta zama ta babban mutum, yarensa ya ɗan yi tsatsa. Ya ce an kai Nafis gidan yayan Rumana, a wani ƙauye can ƙetaren kogi, an ƙwace masa waya, sati uku ke nan ba wanda ya ji muryarsa. Ya ce shi ya riga ya sanar da hukuma a can, amma abin zai ɗauki lokaci. "Fufu, ki je ki kai masa waya in yi masa magana. Wannan kawai nake roƙo."

Washegari na hau keke mai ƙafa uku, na shiga kwalekwale, na sake hawa wani keken. Na sami Nafis zaune a ƙarshen baranda ya haɗa kai da gwiwa, idanunsa sun kumbura. Bai gane ni ba, don rabona da shi tun yana goye. Na gaya masa ko ni wace ce da Turancina na littafi, na danna lambar na sa masa wayar a kunne. Yana jin muryar yayansa ya riƙe ta da hannu biyu ya fashe da kuka.

Matar gidan ta fito da shayi da biskit a faranti, ta ajiye a gabana, ta zauna tana kallon yaron tana taɓe baki.

"Kin gani ko, Apa? Kullum haka. 'Ya'yan Londoni ba su da tarbiyya ko kaɗan. Jiya na ba shi kifi wai shi ba ya ci. Allah dai ya saka wa ubansa, yana ƙoƙari."

Na ture kofin gefe, na ce mata ba na shan shayi. Na matsa kusa da Nafis na zauna, na bar su suka yi magana har wayar ta mutu.